SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO: SARKIN DA YA RABA ALJIHUNSA DA BAITULMALI



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, rubutunmu na yau tarihi ne, tarihin mutumin da kabarinsa ke nan garin Wurno, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu da rahama. Da yawanmu idan aka ambaci sunansa, jarumtarsa a fagen fama ce ke faɗo mana a rai, ko kuma littafinsa Infaƙul Maisuri. Ni kuwa yau wani ɓangare na rayuwarsa nake son mu duba, wanda ba a cika yi mana bayaninsa ba: yadda ya riƙe dukiyar jama'a, da yadda ya sa ido a kan waɗanda ya ɗora a kanta. Duk wanda ya san halin da asusun ƙananan hukumominmu ke ciki, da na masallatanmu da ƙungiyoyinmu, har da shagunanmu na kasuwa, ya san dalilin da ya sa na zaɓi wannan ɓangaren.

TASOWARSA

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, daidai da 1781. Ya tashi a Ɗegel, cikin gidan da karatu shi ne abincin safe da na dare. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa Shehu, da baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da wasu malaman jama'ar Shehu. Tun yana saurayi ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi, ya zama cikin masu rubuta wa Shehu wasiƙu da isar da saƙonsa.

Da zama ya gagara tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Lokacin Bello bai wuce shekara ashirin da uku ba. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekarar, ya ga asarar da aka yi a Tsuntsuwa inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada, ya kuma ga wahalar Alwasa a 1805. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya fara gina birnin Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu: yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun Bello. Kun ga kenan kafin ya hau gadon mulki ya riga ya yi shekaru yana koyon riƙon jama'a a aikace.

FITINAR GANIMA

To, a nan ne zancenmu ya faro. Jama'ar da ta taru a Ɗegel jama'ar karatu ce, ba ta da taska ba ta da haraji. Amma da aka fara yaƙi aka fara samun nasara, sai dukiya ta shigo, dawaki da shanu da tufafi da bayi. Shari'a kuwa ta riga ta tsara yadda ake yi da ganima: a tara ta wuri guda, a fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sannan a raba saura tsakanin mayaƙa. Ɓoye wani abu kafin rabo shi ne ake kira gululu, kuma babban zunubi ne.

Sai dai ba duk wanda ya bi tuta ne ya bi ta don Allah ba. Tun a yaƙe-yaƙen farko aka fara samun masu wawure abin da hannunsu ya kai gare shi, har Shehu ya ɗora amininsa Umaru Alkammu a kan kula da dukiyar jama'a. Abin ya dami Malam Abdullahi matuƙa. Ganin yadda son duniya da neman muƙami suka fara shiga zukatan mutane, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo.

Duk wannan a kan idon Bello aka yi. Ya ga da idonsa cewa mutumin da ya jure yunwa da kibiya yana iya kasa jure ganin dukiya. Ina ganin wannan darasi ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: wa'azi kaɗai ba ya tsare dukiyar jama'a, sai an haɗa shi da tsari da rubutu da mai dubawa.

HAWANSA MULKI

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a watan Afrilun 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a yana da shekara talatin da shida. Bai tarar da shimfiɗa mai laushi ba. Wurare da dama suka yi tawaye da jin rasuwar Shehu. Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, ya yi bore a Kware. Tsakaninsa da baffansa Abdullahi ma an sami ɗan sanyin zumunci, sai bayan da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina suka daidaita, baffan ya yi wa ɗan ɗan'uwansa mubaya'a. Shekara ashirin ya yi yana mulki, kuma kusan kowace shekara sai ya fita yaƙi. A cikin wannan hali ne fa ya gina tsarin da za mu duba, ba cikin kwanciyar hankali ba. Na faɗi haka ne saboda masu cewa sai an sami zaman lafiya tukuna za a yi maganar gaskiya a harkar kuɗi.

ALJIHUNSA DABAN, BAITULMALI DABAN

Wani malami mai suna Alhaji Sa'idu, wanda ya zo daga ƙasashen yamma ya zauna a Sakkwato, ya rubuta tarihin sarakunanta na farko. A cikin abin da ya kawo game da Bello akwai cewa ba ya ci daga baitulmali, daga guminsa yake ciyar da kansa. Ya nuna cewa tun farkon jihadi Bello ya fahimtar da mahaifinsa cewa shi Shehu, saboda shekarunsa da nauyin jama'a da ke kansa, yana da uzurin ɗaukar abin da zai ishe shi, amma shi Bello matashi ne, zai nemi na kansa. Ya kuwa koyi sana'a, ya dogara da ita.

Ku lura da kyau, 'yan uwa. Shari'a ba ta hana shugaba albashi ba. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, sahabbai ne da kansu suka yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa don ya bar kasuwa ya fuskanci al'amarin Musulmi. Saboda haka da Bello ya karɓa, da halal ya ci. Ya bari ne don ya san wanda zai binciki wasu, dole hannunsa ya kasance a wanke. Ta yaya za ka tambayi mai karɓar zakka ina buhu goma suka shiga, alhali biyar na cikin rumbunka? Ai bakinka ya mutu.

Kuma bai tsaya kan kansa ba. Ya rubuta littafi sukutum a kan neman halal, Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi, inda ya kwaɗaitar da mutane kan noma da kasuwanci da sana'ar hannu, ya kuma soki zaman kashe wando da dogaro da abin hannun mutane. Hikimar a fili take. Garin da kowa ya zuba wa taskar hukuma ido, taskar nan ba za ta kai labari ba, kuma mai riƙe da ita ba zai sami sukunin yin gaskiya ba, don kullum ƙofarsa cike take da masu roƙo.

INA KUƊIN KE FITOWA, INA SUKE TAFIYA

Masu ilimin lissafin kuɗi na zamani suna cewa matakin farko na tsare dukiya shi ne a san hanyoyin shigarta da hanyoyin fitarta, a ƙayyade su, kada a bar su ga son ran mai iko. Wannan shi ne abin da shugabannin jihadi suka fara yi tun a takarda.

A littafin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa kuɗaɗen da sarakunan wancan zamani ke ƙaƙaba wa talakawa ba bisa shari'a ba, ya ambace su da sunayensu na Hausa, irin su kuɗin gari da kuɗin salla da jangali, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a sami biyan buƙata. Sannan ya jero hanyoyin da baitulmali ke samun kuɗi ta halal, guda bakwai: humusi, da ushiri, da jiziya, da harajin ƙasa, da fai'i, da gadon da ba shi da magaji, da dukiyar da aka rasa mai ita. Ya kuma bayyana inda ake kashe su, a fara da tsaron ƙasa da kayan yaƙi, sai haƙƙin alƙalai da malamai da sauran ma'aikata, sai mabuƙata da ayyukan amfanin jama'a. Ita zakka kuwa ba a cakuɗa ta da sauran, don Alƙur'ani ya riga ya ƙayyade mutum takwas da ake ba wa.

Bello shi ne wanda nauyin mayar da wannan rubutu aiki ya faɗa wa. Ya rubuta Algaisul Wablu a kan siffofin shugaba adali da ayyukansa. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, ƙa'idoji bakwai na mulki. Ya rubuta wa Sarkin Bauchi Yakubu wasiyya, ya kuma amsa masa tambayoyinsa a rubuce. Lokacin da muke jami'a, da muka karanta Usulus Siyasa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya sauko ƙasa-ƙasa. Ya ce wajibin shugaba ne ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya tabbatar kowane gari yana da nasa, ya gina ganuwa da gadoji, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya tanadi abinci. Da harshen yau, wannan shi ne kasafin kuɗi: ga abin da ya shigo, ga abin da aka tara shi dominsa. Idan talaka ya san abin da aka ce za a yi da dukiyar, to ya sami ma'aunin da zai auna shugaba da shi.

WA KE DUBA MA'AIKATA?

Daular da Bello ya gada faɗi gare ta. Daga Sakkwato zuwa Adamawa tafiyar makonni ce a kan doki. Ba waya, ba mota, ba banki. Kuɗin ma wuri ne, sai an ƙirga an ɗura a buhu an ɗora wa jaki ko raƙumi. Abin da masarautu ke aikowa ya haɗa da dawaki da tufafi da wuri, har da bayi, kamar yadda zamanin yake. To yaya mutum ɗaya zai san abin da ke gudana?

Abu na farko, bai tara komai a hannu ɗaya ba. Akwai waziri, akwai alƙali, akwai ma'aji mai ajiya, akwai sa'i mai tattara zakkar dabbobi, akwai muhtasibi mai duba mudu da sikeli da algus a kasuwa. Mai karɓa daban, mai ajiyewa daban, mai hukunci idan an yi gardama daban. Yau akantoci na koyar da wannan a matsayin babbar ƙa'ida, cewa kada mutum guda ya zama shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai rubutawa, shi ne kuma mai amincewa a fitar.

Abu na biyu, ya zaɓi mutumin da zai zama idonsa. Wannan shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, amininsa, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Giɗaɗo ba mazaunin fada ba ne kawai. Yana fita rangadi zuwa masarautun gabas, ya ji koke, ya sasanta rikici, ya duba yadda ake gudanar da al'amura, ya komo da rahoto. Baturen Ingila Kilafatan, a zuwansa na biyu a 1826, a kan hanya ta wajen Kano ya gamu da shi. Daga nan tsarin ƙofa ya kafu, inda kowace masarauta take da wani babba a Sakkwato da al'amuranta ke bi ta hannunsa. Kano da Zazzau, misali, ta hannun Waziri suke bi. Wannan ya yi kama da abin da Sayyidina Umar ya yi, da ya riƙa aika Muhammadu ɗan Maslama ya binciki gwamnoninsa.

Abu na uku, rubutu. Umarni a rubuce yake tafiya, da hatimi, amsa ma a rubuce take dawowa. Wannan al'ada ta zauna daram a gidan Waziri, har ta kai lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda daga baya aka fassara aka buga. Mu da muke ganin rubuta rasit kamar rashin yarda ne, mu tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. A cikin Liya'ul Hukkami, littafin da ya zama jagora ga sarakunan daular, Malam Abdullahi ya kawo hukuncin da Shehu Magili ya riga ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15: shugaba ya ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin ya naɗa shi, ya ci gaba da lura da shi, idan aka ga ta ƙaru fiye da abin da samunsa na halal zai iya kawowa a karɓe rarar a mayar baitulmali, idan kuma abin ya rikice a raba biyu a karɓi rabi. Asalin wannan aikin Sayyidina Umar ne da wasu gwamnoninsa. Jama'a, wannan fa shi ne bayyana kadarori da tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta wa masu riƙe da muƙami. Muna ɗauka baƙon abu ne daga Turai, alhali yana cikin littattafan kakanninmu da tawadar zuge.

Shi kansa Bello a Usulus Siyasa ya ja hankalin shugaba da ya zaɓi ma'aikatansa daga mutanen kirki, ya gindaya musu sharaɗin adalci, don zaluncin ma'aikaci a wuyan wanda ya naɗa shi yake. Alhaji Sa'idu ya shaide shi da cewa yana bin diddigin hukuncin alƙalai, yana warware wanda ya ga son zuciya ya shiga ciki. Ko alƙali bai fi ƙarfin a duba aikinsa ba.

BAI ƁOYE TAKARDAR DA TA ZARGE SHI BA

Kada wani ya ɗauka ina cewa zamanin Bello zamanin mala'iku ne. A'a. An yi ƙorafi, an yi zargi, an zub da jini. Abdussalami da na ambata ɗazu ya rubuto wasiƙa yana kukan cewa an yi rabon ƙasa an tauye shi, yana kuma zargin cewa zalunci ya yaɗu a cikin jama'a. Rikicin ya ƙare da yaƙi, aka ci Kware, Abdussalami ya rasu a 1818 sakamakon raunin da ya samu.

Abin lura shi ne yadda muka san ƙorafin Abdussalami. Bello ne da kansa ya adana shi. Ya rubuta littafin Sardul Kalami, ya kawo wasiƙun mutumin da nasa amsoshin, ya bar wa na baya su karanta su yi hukunci. Haka ya yi a Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno masu sukar jihadin da kakkausan harshe, sannan ya kawo martani. Mai iko ne, da ya so da ya ƙone su, ba mai tambayarsa. Wanda ya saba ajiye hujjar abokin hamayyarsa, ba zai ji tsoron a buɗe littafin ajiyarsa ba. Mu kuwa yau sau nawa muke jin an nemi fayil an rasa da zarar an ce za a yi bincike?

WURNO, RABAH DA SHINAKA

A shekarun ƙarshe na mulkinsa Bello ya mai da hankali kan ribaɗi, wato garuruwan tsaro a bakin iyaka. Hare-haren Gobirawa da Abzinawa ta arewa da gabas suke zuwa, ta kwarin Gulbin Rima. Sai ya gina Wurno a kan tudu mai kallon fadama, ya koma can da zama, ya bar jin daɗin birni. Ya kafa wasu garuruwan ya ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kansu. Ɗansa Aliyu Babba ya zauna a Shinaka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Goronyo. Rabah ta zama mazaunin ɗansa Abubakar Atiku, wanda ake kira na Rabah, shi ma daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Gandi ma tana cikin waɗannan garuruwa.

Ribaɗin Bello ba sansanin soja ba ne kawai. Gari ne cikakke, da masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa. Ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri guda su yi noma su sa 'ya'yansu karatu. Ya ƙarfafa noman fadama da saƙa da rini. A nan dukiyar baitulmali ta tafi, inda ido zai gan ta. Kusan shekara ɗari biyu ke nan, garuruwan suna nan, fadamar da ya zaɓa tana ciyar da mutane da shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma a kan wannan gulbi ne aka gina madatsar ruwan Goronyo. Ga shi kuma bai ɓoye 'ya'yansa a cikin birni ba, bakin daga ya kai su. A wurinsa muƙami nauyi ne da za a tambaye ka a kansa.

Duk da wannan hidima bai ajiye alƙalami ba. Ya yi rubutu a kan tarihi da fiƙihu da tasawwufi, har da likitanci, irin maganin ciwon ido da na basir. Alhaji Umarul Futi ya zauna a wurinsa shekaru a kan hanyarsa ta komowa daga Hajji. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa.

RASUWARSA

Bayan Gawakuke ba da daɗewa ba ciwo ya kama shi, ya yi jinya ta watanni. Ya rasu a Wurno cikin watan Rajab na 1253, daidai da Oktoban 1837, yana da shekara hamsin da takwas a lissafin Hijira. A can aka binne shi, a bakin iyakar da ya zaɓa ya tsare. Bai naɗa ɗansa ya gaje shi ba, ya bar al'amarin ga masu zaɓe, ya yi wasiyya da a bi wanda aka zaɓa kada a rarraba. Aka zaɓi ƙaninsa Abubakar Atiku. Ɗansa Aliyu Babba sai a 1842 ya hau. Mulkin ma kenan bai ɗauke shi kayan gado ba. Waziri Giɗaɗo ya rubuta littafi a kan halayensa, Nana Asma'u kuma ta yi masa marsiya.

Kafin in rufe tarihin, bari in ƙara abu guda daga Rabah. A garin ne aka haifi tattaɓa-kunnensa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1943, lokacin yana aiki a Gusau, aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotu a Sakkwato ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara, kotun sama da ta zauna a Zariya ta wanke shi. Na kawo wannan ne don mu gane cewa bincike ba don kama ɓarawo kaɗai aka yi shi ba. Shi ne kuma garkuwar mai gaskiya ranar da aka yi masa ƙazafi. Duk mai riƙe da kuɗin jama'a, komai girman gidansu, wata rana za a tambaye shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yana da sauƙi mu karanta wannan mu ce Allah wadaran shugabannin yanzu, mu wuce. To amma mu fara da inda hannunmu ke kaiwa.

Na ɗaya, mu malamai da limamai. Kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a, wa ke ƙirgawa? Mutum nawa ke wurin? Ina ake rubutawa? Na san wani masallaci da aka shekara ana tara kuɗin gini, da aka zo tambaya sai rigima ta tashi, har wasu suka daina gaisawa. Da aka bi diddigi ba wanda ya ci ko sisi, rubutu ne kawai babu, kowa da lissafin da ke kansa. Wallahi rashin littafi na naira ɗari biyar ya raba zumuncin shekara ashirin. A ƙirga kuɗi gaban mutum biyu ko uku, a rubuta, a sa hannu, a buɗe asusu da sunan masallaci, kada a zuba a asusun liman ko na shugaban kwamiti, a kuma karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita lokaci-lokaci. Liman da ya ji haushi don an tambaye shi lissafi, ya tuna Bello ya fi shi ilimi da daraja.

Na biyu, 'yan kasuwa. Da yawanmu aljihun gida da na shago ɗaya ne. A ɗebi na cefane, a ɗebi na biki, ba a rubuta ba, ƙarshen shekara jari ya karye a ce yaron shago ne ko kuma sammu aka yi. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka, ka rubuta bashi ko na ɗan'uwanka ne, ka riƙa ƙirga kaya. Ta haka ne ma za ka san zakkar da ke kanka, don wanda bai san jarinsa ba yaya zai fitar da ɗaya cikin arba'in?

Na uku, ma'aikatan gwamnati, tun daga mai yankar rasit a kasuwa har zuwa ma'aji da shugaban ƙaramar hukuma. Kun san ƙissar ma'aikacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi tir da wannan, ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. Abin da ɗan kwangila ya kawo maka saboda kujerarka, ko an kira shi goro ko an kira shi ihsani, gaisuwar nan ce da Shehu ya yi yaƙi da ita. Kuma mai binciken kuɗi da ya zo duba littafinka ba maƙiyinka ba ne, aikin Giɗaɗo yake yi.

Na huɗu, mu talakawa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi a riƙa ba su kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin suka zo, haƙƙinmu ne mu tambaya cikin ladabi: nawa ya shigo, me aka yi da shi? Amma mu sani, wanda ya kwana a ƙofar kansila yana neman na cefane, ya sayar da bakin tambaya. Mu ne muke matsa musu su ɗebo, sannan mu dawo muna zaginsu.

Duk wanda Allah ya kai shi Wurno ya ziyarci kabarin wannan bawan Allah, ya yi masa addu'a, sannan ya tambayi kansa amanar da ke hannunsa, ƙarama ce ko babba, in an ce ya kawo lissafinta gobe da safe, zai iya? Wanda ya saba yi wa kansa hisabi a nan, ana fatan na can ya zo masa da sauƙi.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mahaifinsa Shehu, da Malam Abdullahi, da Waziri Giɗaɗo, da Nana Asma'u, da sauran magabatanmu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.